3.2 Hanyar Kewaye ta Birnin Kano: Asali da Tsari

Kamar yadda aka yi bayani a baya, abu na farko da ya kewaye birnin Kano shi ne ganuwa, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134). Daga ƙofofinta ne hanyoyin fatake suka bazu: ta Ƙofar Nasarawa a nufi Zariya, ta Ƙofar Kabuga a nufi Gwarzo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka yawaita, sai aka shimfiɗa kwalta bisa waɗannan tsofaffin turaku. Wannan ya sa duk direban da ya taso daga Kaduna zai tafi Maiduguri ko Katsina ta Kano, tilas ya ratsa tsakiyar gari.

Domin magance wannan matsala ne aka yi hanyar kewaye, wadda jama'a ke kira baifas. Ɓangaren gabas ya tashi daga titin Zariya wajen Na'ibawa, ya gitta titin Maiduguri a Hotoro, ya zarce zuwa titin Haɗeja. Ɓangaren yamma kuwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Dantata & Sawoe kwangilarsa a 2007, tsawonsa ya haura kilomita 26. Shi ma daga titin Zariya ya faro, ya ƙetare titin Fanshekara da na Gwarzo, ya faɗa titin Katsina a Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take. Aikin ya ɗauki fiye da shekara goma.

Abin lura a nan shi ne, an tsara baifas ɗin gabas ne a bayan gari, amma gari ya biyo shi. Gidajen mai, garejin tireloli, ɗakunan ajiyar kaya da sababbin unguwanni sun cika gefensa, har cunkoson da aka guje wa ya dawo shataletalen Hotoro, inda aka buɗe gadar sama mai sunan Muhammadu Buhari a watan Janairun 2023. Ba Kano kaɗai ba ce: hanyar da ta kewaye Washington ta Amurka, wadda aka kammala a 1964, haka unguwanni suka mamaye ta.

A ganin mai wannan bincike, kuskuren bai shafi inda aka bi da hanyar ba. Sakacin da aka yi wajen rabon filayen bakin titi ne ya bar kowane mai fili ya buɗe mashigarsa kai tsaye bisa kwalta.