Daga Tambayar Einstein Zuwa Hukuncin Bell

Ana yawan cewa gwaje-gwajen da suka sa aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger lambar Nobel a 2022 sun binne zancen ɓoyayyun siffofi a kimiyyar kwantam. Rabin gaskiya ke nan. Wanda ya bi tarihin daga tushe zai ga cewa abin da ya sha kaye shi ne tunanin nan na cewa abu ba ya jin tasirin komai sai na abin da ke kusa da shi.

Rigimar ta kankama a 1935, lokacin da Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka fitar da wata maƙala a Amurka. Lissafin kwantam ya nuna ƙwayoyi biyu da suka taɓa cuɗanya kan sarƙe da juna, ta yadda da zarar an auna ɗaya za a san sakamakon ɗayar, komai nisan da ke tsakaninsu. Su ukun suka ce ɗayan biyu ne: ko dai awon nan yana taɓa ƙwayar can nan take, abin da Einstein ya ƙi amincewa da shi, ko kuwa kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta tun fil azal, kamar takalmi ƙafa biyu da aka rufe a akwatuna daban, wanda ya buɗe ya ga na hagu ya san na dama ne a can. In haka ne, ka'idar kwantam ba ta cika ba. Niels Bohr ya mayar da martani a shekarar, kuma akasarin masana suka ɗauka an gama magana, musamman da yake tun 1932 John von Neumann ya kawo hujjar lissafi wai ɓoyayyun siffofi, wato irin waɗannan amsoshi na tun farko, ba sa yiwuwa. Grete Hermann ta nuna raunin hujjar a 1935, amma ba a saurare ta ba. Sunan mai hujjar ya fi ƙarfin masu dubawa.

A 1952 David Bohm ya gina abin da aka ce ba ya ginuwa. Ya farfaɗo da tunanin da Louis de Broglie ya gabatar a 1927, inda kowace ƙwaya ke da tabbataccen wuri, wata igiya kuma tana yi mata jagora. Sakamakonsa ya yi daidai da na kwantam, sai dai a fili yake cewa ƙwayoyin na tasiri a kan juna daga nesa. Wannan ne ya tsaya a ran John Bell, ɗan Belfast da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN. A 1964 ya nuna cewa aibin ba na Bohm kaɗai ba ne: duk ka'idar da ta ce amsoshin a rubuce suke tun farko, kuma nesa na hana tasiri, tana da iyakar da daidaituwar sakamako ba za ta wuce ba. A tsarin da Clauser da abokansa suka fitar a 1969 iyakar 2 ce, kwantam kuwa ta yi hasashen kusan 2.83. Muhawarar falsafa ta koma abin da na'ura za ta raba. Clauser da Stuart Freedman sun gwada a Berkeley a 1972, Aspect ya ƙara tsananta gwajin a Faransa a 1982, sannan a 2015 aka toshe manyan kafofin shakka a Delft, da ilektron biyu masu tazarar kilomita 1.3. Duk sun ƙetare iyakar.

Wani zai ce, ai dokar Einstein ta hana komai ya wuce haske gudu. Gaskiya ne ba wanda zai iya aika saƙo ta wannan hanya, domin kowane mai awo sakamako barkatai yake gani, sai an haɗa sakamakon masu awon biyu daidaituwar ke bayyana. Amma rashin iya aika saƙo bai bayyana daga ina daidaituwar ta fito ba. Wani kuma zai ce a jefar da ɓoyayyun siffofin a huta. Nan ma hujjar 1935 na jira: tunanin cewa nesa katanga ce shi ya tilasta a yi zaton siffofin tun farko. Akwai sauran mafita, kamar a ce kowane sakamako na faruwa a duniya daban, ko a ce zaɓin mai awon ma an ƙaddara shi tare da ƙwayoyin, sai dai kowace da tsadarta, kuma a ganina ba wadda ta fi amincewa da tasiri daga nesa araha. Ka'idar Bohm dai, da siffofinta na ɓoye, babu gwajin Bell ko ɗaya da ya kayar da ita.