Kwamfutar da ke ɓoye cikin famfo da mita: bayani ga matasan Hajj Abdalla da ƙauyukan Jazira

A Hajj Abdalla, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu tsakanin Wad Madani da Sinnar a ƙasar Sudan, gidaje kaɗan ne ke da kwamfutar kan tebur. Amma mitar wuta ta kati, da inbata, da akwatin da ke kula da cajin batirin sola, duk sanannun kaya ne a yankin. A cikin kowannensu akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da aka dasa don ta yi aiki guda ɗaya tak. Ilimin ƙera irin waɗannan na'urori shi ne a Faransanci ake kira systèmes embarqués, a Larabci al-anzima al-mudmaja, a Ingilishi kuma embedded systems. A yankin da abincin kowa ya rataya a kan ruwan rani, fanni ne da ya shafi tukunyar gida kai tsaye.

Mene ne dasasshiyar kwamfuta?

Zuciyarta wani ɗan guntu ne da bai kai akwatin ashana ba, ana ce masa maikrokwantirola. A cikinsa aka haɗa ƙwaƙwalwar lissafi, da ma'adanar bayanai, da ƙafafun da ake jona wa wayoyi. Kamfanin Intel na Amurka ya fitar da guntun 4004 a 1971, Texas Instruments kuma ya sa TMS1000 a kasuwa a 1974, kuma tun daga lokacin farashinsu ke sauka.

Aikinta hawa uku ne. Sensa takan auna wani abu, kamar zafi ko tsayin ruwa ko ƙarfin wuta. Manhajar da aka rubuta a cikin guntun takan duba abin da aka auna ta yanke hukunci. Daga nan sai ta kunna ko ta kashe wani abu: famfo, fitila, ƙararrawa, ko ta aika saƙon tes. Mitar kati, wadda mutanen Sudan ke yi wa laƙabi da jamra, misali ce mai kyau. Tana karɓar lambobin da aka saya, ta tantance su, ta riƙa rage kuɗin daidai da wutar da aka sha, in ya ƙare ta yanke.

Allon Arduino Uno, wanda ɗalibai da yawa ke fara koyo da shi, ma'adanar aikinsa kilobait 2 ce kawai, wurin ajiye manhaja kuma kilobait 32. Hoto ɗaya na wayar salula ya fi ƙarfinsa nesa. Saboda haka mai wannan sana'a yakan koyi tsimi: kowane layi na manhaja da kowane ɗigon wutar batir yana da lissafi. An fara Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005. A 2016 kamfanin Espressif na China ya fitar da ESP32, wanda ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa.

Me ya haɗa fannin da Jazira?

Kafin a gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, da famfo aka gwada noman auduga a Jazira: an fara a Tayiba a 1911, kuma Hajj Abdalla na cikin wuraren da aka kafa tashar famfo a farkon shekarun 1920. Daga baya Shirin Jazira, tare da faɗaɗawar Manakil, ya kai kimanin faddan miliyan biyu. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne.

Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka yada zango, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Guminsu na cikin audugar Jazira. Duk da haka da yawa daga cikinsu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar da ake ba manomin shirin, suna zaune ne a kanabi, unguwannin 'yan ƙodago. Wasu kuma suna lambu a bakin kogi da injin dizal, wanda a Sudan ake ce wa babur, kalmar da a Kano ke nufin abin hawa.

Ruwan shirin yana gangarowa ne da kansa daga Sinnar, daga babbar magudana zuwa ƙanana, zuwa wadda ake kira Abu Ishirin mai shayar da faddan 90, sannan Abu Sitta da ke shiga gona. Kowace damina kogin kan kwaso laka daga tsaunukan Habasha ta cike magudanan. Wanda gonarsa ke ƙarshen layi shi ke shan ƙishi, kuma sau da yawa babu wani adadi a rubuce da zai nuna ruwa nawa ya iso da kuma yaushe. Awo da lura a kan lokaci su ne ainihin abin da dasasshiyar kwamfuta ta iya.

Aikin gwaji: ma'aunin tsayin ruwa

Ɗalibi zai iya haɗa wannan da allon ESP32, da sensar sauti mai jure ruwa irin JSN-SR04T, da guntun layin waya SIM800L, da ƙaramin faifan sola da batir. Ana ɗaure sensar a kan gada tana kallon ruwa. Takan harba sautin da kunne ba ya ji, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan a lissafa nisa.

Wurare uku ne sabon shiga kan yi tuntuɓe. Na farko zafi. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, amma a digiri 45 yakan kai kusan 358. Idan ba a saka ma'aunin zafi an gyara lissafin ba, za a yi kuskuren kusan santimita 4 a kowace mita. Na biyu wuta. SIM800L kan fizgi har amfiya 2 a ɗan lokaci idan yana neman sabis, batir mai rauni kuma sai na'urar ta mutu ta sake tashi. Na uku daskarewar manhaja. Na'urar da aka bari a daji babu mai danna mata maɓalli, don haka ake kunna agogon gadi na cikin guntun, wanda zai sake tayar da ita idan ta tsaya. Bayan waɗannan akwai ƙura, da tururuwa, da ɓarawo, duk sai an yi musu tanadi a akwati.

Da ɗan sauyi, wannan haɗin zai iya kashe famfon sola idan ruwa ya janye, kafin motarsa ta ƙone.

An riga an yi a Nijar

Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya kafa kamfanin Tech-Innov, ya ƙirƙiro tsarin télé-irrigation, inda manomi ke kunna ban ruwan lambunsa da wayar salula daga duk inda yake. Aikin ya ci masa babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Kayan da ke cikinsa, wato faifan sola da famfo da layin waya da guntu, su ne dai waɗanda aka lissafa a sama.

Darasin yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya isa Jazira a Disamban shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani. Sojoji sun karɓe birnin a Janairun 2025. A tsakani an wawashe injuna da rumbunan shirin, kuma a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke, har jama'a suka koma Starlink don tura kuɗi ta Bankak. Abin da injiniya zai koya a nan shi ne kada ya ƙera na'urar da ba ta motsi sai da intanet ko wutar gwamnati. Ta riƙa ajiye bayananta a jikinta, ta yi aiki da sola, kuma a iya sarrafa ta da hannu. Rediyon LoRa, mai kai ɗan gajeren saƙo kilomitoci ba tare da layin kamfani ba, yana da amfani a fili shimfiɗaɗɗe irin na Jazira.

Karatu da sana'a

Ƙofofin shiga biyu ne. Ta jami'a: Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975, da Jami'ar Khartum, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, duk suna koyar da injiniyancin lantarki, kodayake yaƙi ya tarwatsa karatu a cikinsu. Ga masu karatu a yamma akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da makarantar EMIG ta Yamai.

Ɗaya ƙofar ita ce teburin gyara. Yaron da ya iya liƙi da darma da awo da maltimita a shagon gyaran waya ya riga ya ci rabin hanya. Abin da ya rage masa shi ne dokar Ohm, da karanta zanen da'ira, da yaren C. Sai kuma Ingilishi gwargwado, domin takardun bayanin guntaye da shi ake rubuta su.

Aikin kansa ya kasu. Akwai mai zana allon da zaɓen kayansa, akwai mai rubuta manhajar ciki, akwai mai girkawa da gyara a gona. A babban kamfani mutum uku ne, a ƙauye kuwa mutum ɗaya ne ke ɗaukar duka. Masu ɗaukar aiki sun haɗa da kamfanonin sola da na sadarwa, da hukumomin ruwa da lantarki, da masana'antun sukari, da asibitoci.

Sayen kaya na da wahala, domin yawanci daga waje ake shigo da su, kuma takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya daɗe yana toshe hanya. Shi ya sa tsohuwar inbata da ta lalace ba shara ba ce: akwai rile da kafasita da transifoma a cikinta da za a ciro a yi gwaji. Ga matashin da iyayensa ba su gaji hawasha ba, wannan sana'a ce da jarinta bai wuce tebur da maltimita da haƙuri ba, kuma duk mai hawashar da famfonsa ya tsaya a tsakiyar noman alkama zai zo nemansa har gida.