Idon Dillali da Idon Na'ura: Yadda Aka Fara Karanta Zuciyar Mai Saye

Duk wanda ya taɓa kai akuya kara a kasuwannin ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Kutama zuwa Getso har Garo, ya san gogaggen dillali ba dabbar yake fara kallo ba. Mai ita yake kallo. Idan mutum ya shigo da sassarfa, igiya a hannu, yana ta duban rana, dillali ya riga ya gane akwai mara lafiya a gida ko suna ya matso, kuma ya san inda kuɗin za su tsaya tun ba a yi tayi ba. Haka yake yi wa mai saye. Wanda ya shafa bayan rago, ya wuce, ya sake zagayowa yana cewa ai ragon ramamme ne, to shi ne mai saye na gaskiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wannan ido shi ne manyan kamfanonin duniya suka shafe sama da shekara ɗari suna nema, har suka kai ga ƙera manhajar da ake cewa tana gane farin ciki da fushi da ƙyama a fuskar mai kallon talla. Dalilin neman ba ɓoyayye ba ne. Mai tebur yana ganin kowane abokin cinikinsa. Kamfanin da ke sayar wa mutum miliyan goma sabulu kuwa bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu a ƙasar Kano mun ga wannan makanta tun da wuri. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke sa rai za ta cika taragu, don masaƙun Ingila. Sai manomi ya yi nasa lissafin ya koma gyaɗa, wadda idan kasuwa ta ƙi zai iya ci. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Kamfanonin Turai ba su san manomin ba, ba su san lokacin da haraji ke matsa shi ba, ba su san da wace magana ake shawo kansa ba. Dole suka jingina da fataken da suka gaji cinikin goro, irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da yadi da bashi. Jari na Bature ne, sanin mutane na Bahaushe. A taƙaice, sun yi hayar idon dillali ne.

A Amurka, inda babu dillalin da za a yi haya, sai aka koma tambayar mutane da takarda: wane sabulu kike so, me ya sa? Nan da nan aka gano bakin mutum ba kullum yake bin zuciyarsa ba. Yakan faɗi abin da zai faranta wa mai tambaya, ya je kanti ya sayi wani abu dabam. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Ostiriya, Ernest Dichter, ya yi suna a shekarun 1940 da 1950 da cewa sha'awa da tsoro da ke ɓoye a rai su ke sa mutum saye. Zamanin ya haifi 'yan damfara ma. A 1957 wani James Vicary ya yi shelar cewa ya riƙa walƙa saƙon talla a allon silima cikin ƙiftawar da ido ba ya kamawa, ciniki ya tashi. Duniya ta ruɗe. A 1962 ya amsa cewa babu wani binciken kirki a bayan maganar. Ya kamata a riƙe labarin Vicary, domin wannan fage har yau bai rabu da masu cika baki ba.

Ta wani ɓangaren, masana kimiyya sun daɗe suna bibiyar fuska. A 1862 wani likitan Faransa, Duchenne, ya wallafa aikin da ya yi, inda ya riƙa sa wa mutane lantarki a kumatu da goshi yana ɗaukar hoton yadda kowace tsoka ke motsi. Shi ya lura cewa murmushin gaske yana tattare gefen ido, na yaƙe kuwa a leɓe yake tsayawa, abin da kowace uwar miji ta sani ba tare da lantarki ba. Charles Darwin ya ɗauki wasu daga hotunan ya sa a littafinsa na 1872, inda ya kafa hujjar cewa yanayin fuska gadon ɗan Adam ne baki ɗaya. Kusan ƙarni guda bayan haka, Ba'amurke Paul Ekman ya tafi tsibirin Niyu Gini a ƙarshen shekarun 1960, ya nuna wa ƙabilar Fore hotunan fuskoki, ya dawo da cewa akwai yanayi shida da kowa a duniya ke nunawa iri ɗaya: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 shi da Wallace Friesen suka fitar da tsarin da ya ba kowane motsi na fuska lamba, ɗaga gira da lambarsa, yamutsa hanci da tasa. Abin da aka mayar lamba kuwa, ko ba daɗe ko ba jima, kwamfuta za ta ƙirga shi.

Cikin waɗanda suka haɗa wannan da kwamfuta akwai mata biyu. Rosalind Picard ta cibiyar fasaha ta MIT ta wallafa littafi a 1997 tana cewa na'ura ba za ta yi hulɗa mai kyau da mutum ba muddin ba ta san halin da ransa ke ciki ba. Wata 'yar Masar, haifaffiyar Alƙahira, Rana el Kaliouby, ta karanta littafin, ta tafi Kambirij ta yi digirin digirgir a kan manhajar karanta fuska, daga baya ta haɗu da Picard. Niyyarsu ta farko ba kasuwanci ba ce. Yara masu lalurar galahanga, waɗanda gane yanayin fuskar mutane ke yi wa wuya, su suke son taimaka wa. Amma waɗanda suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa da kuɗi a hannu kamfanoni ne. A 2009 suka kafa Affectiva, kuma cikin shekara biyu babban kamfanin binciken kasuwa Millward Brown ya fara gwada tallace-tallace da manhajarsu.

Aikin ba shi da wani sihiri. Ana samun mutanen da suka yarda, a tura musu talla su kalla a kwamfuta ko waya, kyamara tana kallonsu su ma. Manhajar tana bin gefen baki da gira da hanci daƙiƙa bayan daƙiƙa, tana kwatanta su da ɗimbin hotunan da mutane suka riga suka yi wa laƙabi da hannu. A ƙarshe mai talla zai ga zane mai hawa da sauka: a nan aka yi murmushi, a nan aka kawar da kai, a daidai inda sunan kaya ya fito fuska ta mutu. Sai a yanke, a gyara, a sake gwadawa. Affectiva ya ce ya tattara fuskoki sama da miliyan goma daga ƙasashe 90. Apple ya sayi wani kamfani mai irin wannan aiki, Emotient, a 2016, shi kuma Affectiva wani kamfanin Suwidin, Smart Eye, ya saye shi a 2021 kan dala miliyan 73.5.

Ba ta ƙofar kanti wannan al'amari ya shigo Kutama ba. Ta aljihu ya shigo. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, bayanta wayar shafa ta biyo, kuma dandalin zumunta bai ma buƙatar ganin fuskarka. A Janairun 2012 Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba: wasu aka rage musu saƙonnin daɗi, wasu na ɓacin rai, aka ga abin da su ma suke rubutawa ya ɗan karkata. Da aka wallafa sakamakon a 2014 an yi ta tofin Allah tsine. A 2016 kamfanin ya ƙara 'yan fuskokin nan na dariya da mamaki da hawaye da fushi kusa da babban yatsa. Wato maimakon a sha wahalar karanta fuskar mutum, sai aka miƙa masa fuskoki ya zaɓa da kansa. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 manhajar kamfanin ta riƙa ba kowace irin wannan fuska nauyin da ya ninka na babban yatsa sau biyar, har da ta fushi. Saurayin da ke zaune a benci wajen mai cajin waya, yana danna jar fuska a kan maganar wani ɗan siyasa, yana ganin huce haushi yake yi. Rahoto yake kaiwa.

To amma shin fuskar tana faɗin gaskiya? Mu muka ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da Ekman ya ji wannan karin magana da ya rataye shi a ofishinsa. Sai dai mu ɗin ne kuma muka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tarbiyyar Bahaushe kusan dukkanta horar da fuska ce. Uwa ba ta nuna ɗoki a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Baƙon da yunwa ke ci ana yi masa tayin abinci ya ce alhamdu lillahi fuskarsa a sake. Amarya tana kuka ranar da ta fi kowace rana jira. Mutum yana gaban surukinsa kansa a sunkuye, ba don baƙin ciki ba. Kunya da kara da kawaici duk sunayen tazarar da ke tsakanin zuciya da fuska ne. A ciniki kuwa ɓoye sha'awa shi ne darasin farko. Yaron da aka aika kasuwa ya washe baki gaban kaya ya riga ya ƙara wa kansa kuɗi. Dillalin Kutama yana gane mutum ne ba don gira ta motsa ba, sai don ya san gidansu, ya san damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ya san Sallah saura kwana nawa.

Masana sun iso wannan wuri ta doguwar hanya. Binciken da aka yi a tsakanin Himba na Namibiya a 2014 ya nuna ba sa rarraba hotunan fuska yadda Amurkawa ke yi. A tsibiran Trobriand, fuskar zare ido da buɗe baki da Turawa ke kira tsoro, mutanen can barazana suke gani a cikinta. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu suka bi bincike sama da dubu, suka yanke cewa motsin fuska kaɗai bai isa hujjar abin da mutum ke ji ba: mai fushi ba kullum yake ɗaure fuska ba, mai ɗaure fuska kuma ba kullum fushi yake ba. Ga kuma matsalar launi. Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, ta nuna a 2018 cewa manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni kan yi kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan baƙaƙen mata, alhali a kan fararen maza bai kai kashi ɗaya ba. A shekarar dai Lauren Rhue ta gwada hotunan 'yan wasan ƙwallon kwando, ta ga na'ura na ɗora wa baƙaƙe fushi ko raini fiye da farare ko da suna murmushi. Microsoft ya janye manhajarsa ta gane yanayin rai a 2022.

Rubutu ma bai fi fuska sauƙi ba, kuma a nan ne Kano ta shiga labarin da ƙafarta. Na'urar da aka horar da Turanci ba ta san cewa “albarka” a bakin mai kaya ƙin sayarwa ne ba, ko “ba laifi” yabo ne, ko “ka kyauta” na iya zama gatse mai zafi. “Allah ya isa” babu kalmar zagi ko ɗaya a ciki. Ga Ingausa, ga rubutun waya da ba a sa wa ƙugiya, inda “kasa” za ta iya zama ƙasar noma, ko gazawa, ko maciji, ko kashin tumatir a kasuwa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowanne daga Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan, waɗanda masu harshen suka zauna suka ware na yabo, na suka, da na tsaka-tsaki. A 2023 aikin ya faɗaɗa zuwa AfriSenti mai harsunan Afirka 14. Aikin ilimi ne, kuma abin alfahari, don harshen da na'ura ba ta ji a baya ake barinsa. Amma a buɗe yake ga kowa, kuma kamfanin waya ko banki da ke son sanin abin da Hausawa ke faɗa a kansa zai amfana da shi kamar yadda ɗalibi zai amfana.

Doka tana biye a baya tana ɗingishi. Tarayyar Turai ta haramta amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gane yanayin ran ma'aikata da ɗalibai daga Fabrairun 2025, amma ta bar wa 'yan kasuwa ƙofa, da sharaɗin a sanar da wanda ake karantawa. A Nijeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, wadda ta sa bayanan jikin mutum cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220, ba a kan karanta fuska ba, a kan yadda ya yi da bayanan 'yan Nijeriya.

Abin da ya fi damuna ba kuskuren na'urar ba ne. A kara, kallon kallo ake yi: dillali na karanta ka, kai ma kana karanta shi, ka san la'adarsa, kana iya juya baya ka tafi ya biyo ka yana cewa dawo mu daidaita. A waya kuwa kai kaɗai ake gani. Ko da yake samarin garuruwanmu sun fara karɓar rabonsu daga wannan ido. Mai sayar da huluna ko takalma yakan ɗora hotunan kaya a WhatsApp da safe, da yamma ya buɗe jerin waɗanda suka kalla, ya tsallake ashirin, ya tsaya a kan sunan wanda ya san bikin ƙanwarsa ya kusa, ya buga masa waya: “Yaya, na ga ka leƙa. In ajiye maka baƙar ko ruwan tokar?”