Tarihin Adana Wasan Daɓe: Daga Takarda Zuwa Intanet

1.0 Gabatarwa

Wasan daɓe, wato wasan kwaikwayon da ake yi a kan dandamali a gaban jama'a, ya bambanta da sauran rassan adabi ta fuskar wanzuwa. Littafi yana nan ko bayan rasuwar mawallafinsa, amma wasan daɓe da zarar an tashi ya wuce ke nan, sai abin da 'yan kallo suka riƙe a ka. Wannan takarda za ta bi diddigin hanyoyin da aka bi wajen adana wasan daɓe a Ingila da Faransa da Amurka, har zuwa lokacin da ya shiga intanet, sannan ta dubi matsayin wasan kwaikwayon Hausa. Manufar ita ce a nuna cewa abin da masoya wasa da ma'aikatan dandamali suke samu a intanet a yau, wasu mutane ne suka ɗauki wahalar adana shi tun da farko.

2.0 Zamanin Takarda

Hanya ta farko ita ce rubutu. William Shakespeare ya rasu a shekarar 1616, kuma a lokacin kusan rabin wasanninsa ba a taɓa buga su ba. A shekarar 1623 wasu abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanni 36 suka buga a kundi guda. Daga cikinsu 18 ba su taɓa fitowa a littafi ba, har da Macbeth. Da ba domin wannan aiki ba, da akwai yiwuwar waɗannan wasanni su ɓace.

A Faransa kuwa, ƙungiyar Comédie-Française da aka kafa a birnin Faris a shekarar 1680, zamanin Sarki Louis na 14, ta riƙa rubuta wasan da aka yi a kowace rana da yawan kuɗin da aka samu a ƙofa. An yi wannan ne domin lissafin kuɗi da rabon 'yan wasa, amma daga baya ya zama taskar tarihi. Sai dai kuma takarda kalmomi da alƙaluma kaɗai take riƙewa. Ba ta riƙe murya da motsi da dariyar 'yan kallo.

3.0 Zamanin Kaset

Matakin da ya biyo baya shi ne ɗaukar wasa da kyamara. A shekarar 1970 wata mata mai suna Betty Corwin ta kafa sashen ɗaukar wasannin daɓe a ɗakin karatu na jama'a da ke birnin Niyok. Babbar matsalar da ta fuskanta ita ce amincewar ƙungiyoyin 'yan wasa da daraktoci da sauran ma'aikata, waɗanda suke tsoron cewa idan wasa ya shiga kaset, wani zai ci moriyarsa ba tare da an biya su ba. An daidaita a kan sharaɗin cewa ba za a kalli kaset ɗin ba sai a cikin ɗakin karatun, kuma sai ga masu nazari da ɗalibai da ma'aikatan dandamali. A Landan ma an kafa irin wannan taska a shekarar 1992, wadda take hannun gidan tarihi na Victoria and Albert. Ke nan an adana wasan, amma wanda ba ya kusa ba shi da hanyar ganinsa.

4.0 Shigowar Intanet

Abin da ya fara shiga intanet shi ne matani, domin rubutu ba ya buƙatar layi mai ƙarfi. A shekarar 1993 wani ɗalibi mai suna Jeremy Hylton ya ɗora dukkan wasannin Shakespeare a kwamfutar jami'ar MIT da ke Amurka, kyauta ga kowa. A shekarar 1997 ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya buɗe Gallica, inda ake samun tsofaffin bugun wasannin Molière da Racine da Corneille. Waɗannan duk ayyuka ne da haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, shi ya sa ba a sami wani cikas ba.

Bayan matani sai bayanai. A shekarar 2000 aka buɗe Internet Broadway Database, rumbun da ya ƙunshi sunayen wasannin da aka yi a Broadway da ranakun buɗe su da rufe su, da waɗanda suka yi aiki a cikinsu. Haka kuma masana daga Faransa da Amurka sun ɗora rajistocin Comédie-Française na 1680 zuwa 1793, ta yadda ɗalibi zai iya sanin wasan da aka yi a wata rana shekara ɗari uku da suka wuce, da abin da aka samu a ƙofa. Su ma ma'aikata sun amfana. Kundin Spotlight, wanda tun 1927 ake bugawa a Landan ɗauke da hotunan 'yan wasa domin masu neman wanda zai hau wani matsayi, ya koma intanet.

Hoto mai motsi shi ne ya zo a ƙarshe. A ranar 25 ga Yuni, 2009, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, National Theatre, ya watsa wasan Phèdre na Racine kai-tsaye ta tauraron ɗan'adam zuwa gidajen silima, inda Helen Mirren ta hau babban matsayin. A shekarar 2015 aka buɗe BroadwayHD, kuma a ranar 30 ga Yuni, 2016, ya watsa She Loves Me, wasan Broadway na farko da aka kalla kai-tsaye ta intanet.

Annobar korona ta nuna amfanin wannan tanadi. A watan Maris na 2020 aka rufe gidajen wasa a Niyok da Landan da Faris. Daga ranar 2 ga Afrilu, National Theatre ya fara sakin wasa ɗaya kowane mako a YouTube kyauta, kuma ya iya yin haka ne saboda yana da wasannin da ya riga ya ɗauka tun daga 2009. Gidajen da ba su taɓa ɗaukar wasanninsu ba, ko ba su daidaita da 'yan wasa a kan haƙƙi ba, ba su da abin nunawa. A watan Disamba na wannan shekara shirin ya koma na biyan kuɗi.

5.0 Matsayin Wasan Kwaikwayon Hausa

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya fara ne a shekarun 1930 da littafin Six Hausa Plays na Rupert East. Daga baya aka sami irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Waɗannan suna nan saboda an buga su. Amma kaso mai yawa na wasan Hausa bai taɓa shiga takarda ba. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasan daɓe a bikin matasa na ƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kuma 'yan wasa irin su Yazi Dogo sun yi fice. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, 'yan wasan sukan shirya labari tare, kowa ya ƙago maganarsa a wajen gwaji, ba tare da cikakken rubutu ba. Irin wannan wasa, idan ba a ɗauke shi a kaset ba, ba ya barin komai a baya.

Ana samun guntayen tsofaffin wasannin talabijin na Hausa a YouTube, irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, amma sau da yawa babu shekara, babu jerin 'yan wasa, babu sunan tashar da ta shirya. Hoton da ba shi da waɗannan bayanai yana ba da nishaɗi, amma amfaninsa ga mai nazari kaɗan ne.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi a sama ya nuna matakai uku: matani, da bayanai, da hoto mai motsi, kuma kowanne ya dogara ne ga aikin da aka yi kafin zuwan intanet da kuma yarjejeniya da masu haƙƙi. Ɗalibin Hausa yana da abin da zai iya yi a nan ba tare da kuɗi mai yawa ba. Zai iya juyar da wasan da ya samu a kaset zuwa rubutu, ya nemi shekararsa da wurin da aka yi shi, ya kuma tattauna da tsofaffin 'yan wasa a Damagaram da Maraɗi da Kaduna da Kano tun suna raye, domin su ne suka san wanda ya ƙago labarin da wanda ya hau kowane matsayi.