Tarihin Majami'ar Ƙauyen Englesea Brook

Englesea Brook wani ɗan ƙauye ne a lardin Cheshire na ƙasar Ingila, kusa da garin Crewe. Gidajensa kaɗan ne, amma 'yar majami'ar da ke cikinsa tana ɗauke da tarihin yadda talakawan karkara suka gina wa kansu wurin ibada da karatu.

A farkon ƙarni na 19, Cocin Ingila a karkara yana hannun masu manyan gonaki, har ma sau da yawa su ke zaɓen limamin da za a naɗa. A ranar 31 ga Mayu, 1807, wani kafinta mai suna Hugh Bourne ya shirya wa'azin fili na yini guda a kan dutsen Mow Cop. Shugabannin ɗariƙarsa ta Metodis ba su yarda da irin wannan taro ba, suka kore shi a 1808, suka kuma kori abokinsa William Clowes, maginin tukwane, a 1810. Su biyun da mabiyansu suka kafa tasu ɗariƙar, wadda aka sani da Metodis na Asali.

Mabiyanta a Englesea Brook suka gina majami'arsu a 1828, aka ƙara mata ɗakin makaranta a 1914. A irin waɗannan majami'u ne 'ya'yan leburori ke koyon karatu ran Lahadi, manya kuma ke koyon magana gaban jama'a da riƙon asusu. Mata ma sun yi wa'azi. Joseph Arch, wanda ya jagoranci ƙungiyar ƙwadagon leburorin gona ta ƙasa a 1872, mai wa'azi ne a wannan ɗariƙa.

Da Bourne ya rasu a 1852, a maƙabartar wannan ƙauye aka binne shi.

A 1932 manyan rassan Metodis suka sake haɗewa. Ƙauyuka da yawa suka wayi gari da majami'u biyu na ɗariƙa ɗaya, ga shi masu zuwa ibada suna ta raguwa. Sannu a hankali aka rufe da dama, wasu aka mayar da su gidajen zama. Ta Englesea Brook ta tsira, don an mayar da ita gidan tarihin ɗariƙar, inda ake adana tutocinta da littattafanta.