Lambobin Yabo na Binciken Cutar Kansa

Lambobin yabo na binciken kansa, wato ciwon daji, kyaututtuka ne da ake bai wa likitoci da masana kimiyya da suka gano sanadin cutar ko maganinta. Wadda ta fi suna ita ce kyautar Nobel ta fannin likitanci. A 2008 Bajamushe Harald zur Hausen ya same ta saboda gano cewa ƙwayar HPV ce ke haddasa kansar bakin mahaifa. Wannan bincike ya kai ga allurar rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023.

Denis Burkitt, likitan tiyata da ya yi aiki a Uganda, ya karɓi kyautar Lasker a 1972 kan kansar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda ake kira da sunansa.

A Arewacin Najeriya ma ana samun karramawa ta fuskar wayar da kai kan cutar. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara 'yar asalin Shinkafi, ta kafa gidauniyar Medicaid, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC.