Yadda Kare Ƙasa Ya Zama Farilla a Madura

Madura tsibiri ne da ke daura da birnin Surabaya a Indonesiya, ƙasar gishiri da taba da tseren shanu, kuma mutanenta sun daɗe da yin suna a fagen fama. A 1674 Yarima Trunojoyo ya yi wa daular Mataram bore, har ya ci fadarta a 1677, kafin Turawan Holan su sa hannu a murƙushe shi. Daga baya jarumtar ta koma hidimar mai ƙarfi. Sarakunan tsibirin suka riƙa ba Holan mayaƙa, aka kai su yaƙin Jawa na 1825 zuwa 1830, rundunarsu mai suna Barisan kuma ta je har Aceh ta yaƙi Musulmi 'yan'uwanta. Masu kirari ba su cika ambaton wannan babi ba.

Zuwa 1885 Holan ta karɓe mulki daga hannun sarakunan. Talakawa suka ƙara jingina da malamansu, wato kiai, masu makarantun kwana da ake kira pesantren, kwatankwacin tsangayunmu. Da ma a tarbiyyar Madura jerin waɗanda ake yi wa biyayya sananne ne: uba, uwa, malami, sannan mai mulki. Malami na gaba da sarki, don haka duk kiran da bai bi ta bakinsa ba da wuya ya shiga ƙauye.

Babba a cikin malaman shi ne Shaihu Kholil na Bangkalan, wanda ya rasu a 1925. A gabansa Hasyim Asy'ari da Wahab Hasbullah, jagororin ƙungiyar malamai ta Nahdlatul Ulama, suka yi karatu. 'Yan Nahdlatul Ulama na ruwaito cewa shi ya aika wa Hasyim sanda da carbi ta hannun almajirinsa As'ad Syamsul Arifin, alamar izinin kafa ƙungiyar, wadda aka kafa a Surabaya a 1926.

Amfanin wannan silsila ya fito a 1945. Indonesiya ta ayyana 'yancin kai a Agusta, Holan na ƙoƙarin dawowa a inuwar sojojin Ingila. Ranar 22 ga Oktoba wakilan ƙungiyar na Jawa da Madura suka taru a Surabaya suka yanke cewa kare jamhuriyar jihadi ne. Fatawar Hasyim ta fassara shi da ma'aunin fiƙihu: wajibi ne a kan duk Musulmin da ke cikin tazarar ƙasaru daga maƙiyi, kimanin kilomita 94. Bangkalan na cikin wannan da'ira. Ranar 10 ga Nuwamba yaƙin Surabaya ya ɓarke, almajirai na cikin mayaƙan rundunonin Musulmi na Hizbullah da Sabilillah.

Holan ta gwada tsohuwar dabararta a 1948, ta kafa "Ƙasar Madura" ƙarƙashin wani ɗan sarauta na gidan Cakraningrat. Ba ta yi ƙarko ba. A Maris 1950 aka rushe ta, tsibirin ya koma jamhuriya. Tun 2015 gwamnati ke bikin Ranar Almajirai ta Ƙasa a kowace 22 ga Oktoba, ranar da aka yanke wancan hukunci na jihadi.